Zare a Bakin Kifin Kunama

Kuje,
9 ga Fabrairu, 1965.

Philip,

"Yaya Hansatu, wata tara ne kawai. Kafin a ci sabuwar doya zan dawo in kwashe su, ba za ki ma san suna gidanki ba."

Ka gane maganar? Taka ce. A tsakar gidana ka faɗe ta, hannunka ɗaya a kan akwatin, ɗayan cikin kwanon tuwona. An ci sabuwar doya sau biyu tun daga ranar.

Yanzu bari in gaishe ka, tunda ni an koya mini gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, sanyin Landan bai kama maka ƙirji ba, karatu kuma yana tafiya. Mu nan da sauƙi. Maigidana Abraham yana fama da bayansa kamar kullum, amma bai ajiye zarto ba, benci yake yi wa makarantarmu. Ni ina nan da ajina. Gari ne ba lafiya. Baƙon dauro ya shigo tun bayan Kirsimeti, a unguwarmu kaɗai an binne yara uku.

Sai maganar kifayenka. Gara ta cinye gindin akwatin, saura kaɗan kwalaben su zube. Abraham ya kafa kanta a ɗakin ajiya, muka jera su, talatin da ɗaya. Ranar ce na fara ganinsu da kyau. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, Philip, har da masu hoton dodanni, ban taɓa ganin muni irin wannan ba. Ido a zare, kai duk ƙaya, fata tana reto kamar tsumma. Wannan aikin Allah ne, ba ni da ta cewa. Naka aikin nake magana a kai. Kowane ɗaya ka sa allura ka zura masa farin zare ta baki, ka fitar ta kunne, ka ƙulle, ka rataya 'yar takarda mai rubutu. Ni na san lamba ce da sunan wurin da aka kama shi. Amma kai ɗan garin nan ne, a nan aka yanke maka cibiya. Faɗa mini, me mutumin Kuje yake gani idan ya ga halitta an ɗaure mata baki da zare, an maƙala mata rubutu, an rufe ta cikin kwalba?

Zulai matar Mato, maƙwabcinmu na bayan danga, ta shigo aron rariya. Ina wanke-wanke, na ce ta shiga ɗakin ajiya ta ɗauka. Ta fito ba rariya, ba sallama. Tun daga ranar Dada mai nono take wuce ƙofarmu kamar ba gida a wurin. In na isa rafi sai hira ta mutu. Shekaranjiya wata yarinya ta ɗaga hannu a aji, na zaci tambayar lissafi ce, sai ta ce, "Malama, wai da gaske kurwar Andrew tana cikin kwalba a gidanki?" Andrew ƙanenta ne. Shi aka fara binnewa.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na je wajen direban motar Minna in ba shi su ya kai tashar jirgi. Labari ya riga ni. Ya ce, "Madam, ka yi haƙuri, wannan kaya ba ya shiga motana. Ni ma ina da yara."

Ka ce ba ka bar su a Ikko ba don ba ka yarda da ogan ofishinku ba, zai kwashe wahalarka ta shekara uku a kan teku ya sa sunansa. Na tausaya maka, na karɓa. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, abin da ya haɗa mu ke nan, kuma na ga ya isa. Yanzu ina gaya maka ya kusa ƙarewa. Ka zo, ko ka aiko mutum da mota daga wajen aikinku. In ba haka ba, ran da ka shigo garin nan da taɓarya zan tarye ka.

Yayarka,
Hansatu.

*

Landan,
3 ga Maris, 1965.

Yaya Hansatu, taubashiyata, uwar masifa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiya, sai tari kaɗan da kewar tuwon dawa. Ki gaishe mini da Yaya Abraham, ki ce ya rage sunkuyo. Labarin yaran ya taɓa ni, Allah ya ba iyayensu haƙuri, ya kawo ƙarshen ciwon.

Wasiƙarki a cikin bas na buɗe ta, na yi dariya har wata tsohuwa ta canza kujera. Ashe bakinki yana nan da kaifinsa! Shekara biyu ba wanda ya zage ni da kyau, Turawa ba su iya ba. Taɓaryar ki ajiye mini, zan zo da ƙeyata. Na karɓi laifin alkawari. Amma ki bar ni in gaya miki abin da ya riƙe ni, ke kaɗai ce a danginmu za ki gane.

Waɗannan da kika kira dodanni, gida ɗaya suke, sunan gidan Scorpaena. Ni ina ce musu kifin kunama, don ƙayoyin bayansu suna da dafi. Wani masunci a jirginmu ya taka ɗaya, ƙato da shi ya yi ta kuka kamar jariri. Suna kwance ne a ƙasan teku cikin duwatsu, sun yi kama da dutsen, suna jiran ƙaramin kifi ya gitta. A duniya an san iri wajen hamsin a wannan gida. A gefen tekunmu, daga Senegal zuwa Angola, kusan goma ne, kuma ba wanda ya tabbata. Matsalar ita ce duk kamarsu ɗaya. Kusan kowanne ƙaya goma sha biyu gare shi a baya. Launi ba ya taimako, sifirit ɗin da ake jiƙa su a ciki yana wanke shi. Yaro bai yi kama da babba ba. Shi ya sa magabata suka yi ta ruɗewa, kifi ɗaya sai a raɗa masa suna uku, iri biyu kuma a haɗa su a suna ɗaya. Sai an duba abubuwa ƙanana: akwai ɗan rami a ƙeya bayan idanu ko babu, ƙaya nawa ce a ƙashin da ke ƙarƙashin ido, ƙirji yana da ɓawo ko sumul yake, ƙofofin da ke ƙarƙashin haɓa a haɗe suke ko a rabe, tsinkayen fiffiken gefe nawa ne. A gidan adana halittu na nan akwai kwalabe sun fi kakanninmu tsufa. Kullum ina cikinsu, ina gwada su da abin da na kama.

To ga roƙona. Kwalba mai lamba bakwai, wani ɗan ja-ja mai babban ido, daga ruwa mai zurfi muka jawo shi. Bai dace da kowane iri da na gani a nan ba. Na ƙirga tsinkayen fiffikensa a kan jirgi, jirgin yana tangaɗi, ban yarda da abin da na samu ba. In goma sha takwas ne, sananne ne, magana ta ƙare. In sun kai ashirin, ina jin ba a taɓa raɗa masa suna ba. Ki fito da shi a kan farin faranti, ki zauna inda rana take da kyau, ki riƙa yayyafa masa sifirit ɗinsa kada ya bushe, ki sa allura ki ɗaga tsinkayen ɗaya-ɗaya, hagu da dama. Ki yi hankali da ƙayoyin. Kuma don Allah kada zaren ya tsinke. Kifin da ya rabu da takardarsa ba shi da sauran amfani, ba wanda zai san inda ya fito.

Da na samu wannan lissafi sai in rufe aikin in nemi jirgi. In kuwa sabo ne, sunanki zan sa masa. Mummuna ne, ga dafi, ga babban ido. Wa ya fi ki cancanta?

Maganar Zulai kuwa, ai kin san matan unguwa. Ki tara su ki nuna musu kifi ne kawai. Ke da kike koya wa yara arba'in raba dogon lissafi, wannan ba zai gagare ki ba.

Ƙanenki mai laifi,
Philip.

*

Kuje,
2 ga Afrilu, 1965.

Philip,

Muna gaishe ka, mu da muka rage da bakin gaisuwa. Ina fatan tarinka ya warke. Ga tamu lafiyar. Hannun Abraham na dama ya karye wuri biyu. An fasa masa kai, an ɗinke a asibiti. Haƙoransa biyu suna cikin ƙasar tsakar gidanmu, ban same su ba. Ni idona na hagu bai buɗe ba tukuna, in ka ga rubutuna ya karkace dalili ke nan.

Na yi abin da ka ce. Wannan ne ba zan yafe wa kaina ba, kuma ba zan yafe maka ba. Ka rubuta cewa da ka samu lissafin za ka nemi jirgi, ni kuma na sake yarda da kai. Ranar Asabar da hantsi na fito da kwalbarka ta bakwai, na zauna a bakin ƙofa inda rana take da kyau, farin faranti a cinyata, allura a hannuna. Ka san ni, shekara ashirin ina ƙirga da yara, ban iya ƙirga a zuci ba. Ina ɗaga tsinke ina cewa ɗaya, biyu, uku. Na ɗago kai, sai ga Zulai tsaye a bayan danga, itace a kafaɗarta, tana kallona. 'Yarta Hindatu, mai shekara huɗu, tana kwance da baƙon dauro a lokacin. Na ce, "Zulai, zo ki gani, kifi ne." Ta saki itacen ta ruga tana ihu.

Hindatu ta rasu ranar Litinin da safe.

Daga maƙabarta mutanen unguwa suka zo, ba su ko biya gida ba. Fartanyoyin da suka haƙa ramin suna hannunsu, da jar ƙasa a jiki. Kada ka zaci mutanen wani addini ne. Har da waɗanda muke zama benci ɗaya da su a majami'a, har da mahaifin yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina. Mato ne a gaba. Ya tsaya a tsakar gida yana cewa, "Fito mini da 'yata! Mayya, fito da ita! Matata ta gan ki kina soka mata allura kina ƙirgawa!"

Abraham ya fito daga rumfar aikinsa. Guduma tana hannunsa, ya ajiye ta a ƙasa don kada a ce. Ya tsaya a gabana ya ce, "Mato, ni ne fa. Ni na kafa maka ƙofar ɗakinka. Zauna mu yi magana." Mato ya juya fartanya ya sauke masa ƙotar. Abraham ya tare da hannu. Na ji ƙarar ƙashin, Philip, kamar an karya busasshen kara. Ya durƙusa, wani ya ƙara masa a ka, wani ya sa ƙafa a bakinsa. Na faɗa kansa, mata suka ja ni ta gashi, suka yage mini riga, suka ja ni a ƙasa har bakin rijiya. Wata ta ɗauki dutsen murhu ta buga mini a fuska. Na san ta. Ni na rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta soja, ba sau ɗaya ba.

Suka cinna wa rumbu wuta da dawarmu ta shekara a ciki. Suka sassare awakina huɗu da adda, ba yanka ba, sara, suka bar su suna shure-shure. Suka farfasa tukwane, suka watsa littattafaina cikin wutar. Suna yi Zulai tana birgima a ƙasa tana kiran sunan 'yarta.

Amma ka kwantar da hankalinka. Ba wanda ya taka ɗakin ajiya. Mato ya kai bakin ƙofa da fartanya a sama, wani dattijo ya riƙe shi ya ce in kwalba ta fashe kurwar da ke ciki ta ɓata har abada. Don haka suka fasa kan mijina suka bar kwalabenka. Talatin da ɗaya, ko tsagewa babu.

Washegari 'yan doka suka zo daga Abuja, suka tafi da Mato da mutum uku. Bayan mako guda aka sako su, dattawa sun je roƙo. Yanzu an ƙara mini laifi na biyu, ni ce na sa aka ɗaure uban da ya binne 'yarsa da safe.

Ka ce in tara su in nuna musu kifi ne. Wane kifi? Mutanen nan tarwaɗa suka sani da karfasa. Ba wanda ya taɓa ganin teku, ni ma a littafi na gan shi. Ka ce ka yi dariya a bas. Na gaya maka an binne yara uku, na gaya maka ana kirana da abin da ake kashe mace a kansa, kai kuma ka ji wasan taubasai. Ka iya duba ƙarƙashin haɓar kifi ka ga ko ƙofofi a haɗe suke, amma shafi biyu na Hausa sun gagare ka. Kuma kana so ka sa wa abin sunana. Sa mana. Ka aiko da takardar a karanta a kasuwa, a ji cewa har Turawa sun tabbatar dodon kwalba sunansa Hansatu.

Ga abin da ka aike ni. Goma sha tara a hagu. Na dama ban kai gare shi ba.

Ka zo.

Hansatu.

*

Landan,
21 ga Mayu, 1965.

Yaya Hansatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Abraham, in zai karɓi gaisuwata. Yaya hannun? Yaya idonki? Ni lafiyata ƙalau, kuma kunyar faɗin haka nake ji.

Jiya na ga wasiƙarki. Ina Faris tun farkon Afrilu, na je duba kwalaben da Faransawa suka kwaso daga Dakar, na dawo na tarar da ita a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta a tsaye a bakin ƙofar. Wallahi wasa na ɗauka. Tun ina yaro ba ki taɓa yi mini maganar da babu zagi a ciki ba, na saba jin zagin in bar sauran.

Na je wajen malamina da safen nan. Ya ce in na tafi kafin jarrabawar watan Oktoba, waɗanda suka turo ni karatu za su ɗauka na gudu, kuma ba za a sake karɓata ba. Yaya, shekara biyar na aikin nan. Ki ba ni zuwa Oktoba. Ran da na fito daga ɗakin jarrabawa zan kama hanya.

Kafin nan ga shawara. Ku haƙa rami a cikin ɗakin ajiya ku binne kwalaben a tsaye, ku ce an zo an tafi da su. Ko ku kai su Paikon Kore wajen ƙanen Yaya Abraham, ku ma ku zauna can har ƙura ta lafa. Na haɗo da takarda zuwa ga mai unguwa da dattawa, da Hausa, na bayyana musu komai, na sa sunan mahaifina da na kakana. Ki sa a karanta musu. Sun san gidanmu.

Ki gaya wa Mato da Zulai ina yi musu ta'aziyya. Ban san ko ya dace ba.

Ƙanenki,
Philip.

Ƙari: Ki yafe mini wannan, na rubuta na soke har sau biyu. Goma sha tara ba ta raba gardama, tana iya zama ko wanne. In hankali ya kwanta, kin rufe ƙofa ba mai ganinki, ko za ki duba na daman?

*

Kuje,
10 ga Yuni, 1965.

Philip,

Gaisuwa. Ruwa ya sauka, baƙon dauro ya tafi da yara tara ya bar mu. Idona ya buɗe, ina gani da shi kamar ta cikin hayaƙi. An kwance wa Abraham hannu. Ya ɗoru a karkace, yatsu uku ba sa rufuwa. Jiya na leƙa rumfa na same shi ya riƙe zarto da hagu yana gwadawa a kan guntun katako, layin yana tafiya inda ya ga dama. Da ya ji motsina sai ya yi kamar gyaran wuri yake. Bai karɓi gaisuwarka ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce in tambaye ka ko Faris da kyau.

Na karanta wasiƙarka har ƙasa. Da ka tsaya a sa hannu, wataƙila da na ba ka Oktoba. Na ga inda ka soke sau biyu. Na uku ka bar shi, ka lashe ambulan, ka kai gidan waya da ƙafarka. Duk tsawon hanyar nan ba abin da ya ce maka ka koma.

Shawarwarinka na auna su. In binne su a ɗaki in ce an tafi da su: a unguwar da ake ƙirga sau nawa na je bayan gida? Ran da aka tone, an kama mayya ta binne kurwar yara a ƙarƙashin gadonta. In kai su Paikon Kore: ƙanen Abraham yana da yara biyar da maƙwabta, su ma suna da fartanya. In gudu: gidan nan Abraham ya gina shi, makarantar nan ni na fara ta a gindin ɗorawa da yara bakwai. Yau saura shida a ajina, cikin arba'in. An sare mana kunyoyin doya. An ba karenmu guba. Ba zan gudu ba.

Takardarka ni da kaina na karanta wa dattawa, a tsaye, a ƙofar mai unguwa. Suka saurara har ƙarshe, har wajen ramin ƙeya da ƙaya goma sha biyu. Sai tsoho Dallatu, wanda ya riƙe hannun Mato ran nan, ya ce, "Malama, ke kika karanta, mu ba mu ga abin da ke ciki ba. In yaron nan ɗanmu ne, kayan nan nasa ne, me ya hana shi zuwa ya faɗa da bakinsa?" Karo na farko ke nan a rayuwata da aka yi mini tambaya a gaban jama'a na rasa amsa, kuma a kanka ne.

Ga abin da suka yanke. Ko mai kaya ya zo ya tsaya a kasuwa, ya rantse nasa ne, ya faɗa da yarenmu abin da suke, ya ɗauke su da hannunsa ya fitar daga garin. Ko kuma ni in kai su kasuwa in kwance bakin kowane ɗaya a gaban iyayen yaran, in saki abin da na ɗaure.

Ka fahimci na biyun da kyau, kada ka sake karanta ni a bas. In na sa almakashi a zaren nan, na amsa ke nan cewa da abin da na ɗaure. Ni, Hansatu, da na yi shekara ashirin ina gaya wa yaran garin nan ciwo daga ƙwayar cuta yake zuwa, zan tsaya a gaban iyayensu in yi aikin mayyar da ta tuba. Za su bar ni da raina. Za su riƙa nuna ni da baki har in mutu, kuma ba uwar da za ta sake ba ni ɗanta in koya masa karatu. In kai ka zo, kai ne yaron da boko ya ɗan taɓa wa kai, a yi maka dariya, a ce Allah ya shirya, ka wuce da kwalabenka. Kai za ka rasa jarrabawa. Ni zan rasa sunana. Na auna su biyun, kuma na san wanda kai ka ga ya fi nauyi.

Oktoba ba tawa ba ce da zan ba ka. Zulai tana da ciki, haihuwa cikin Agusta. Mato ya rantse a gaban mutane, in abin da ke cikin nan ya zo ba rai, ko ya zo ya koma, zai kulle mu a ɗaki ya sa wuta. Na ga idonsa da yake faɗa. Mace ce da ta yi wata uku ba ta cin abinci sosai, kai ma ka san yadda irin wannan haihuwa take ƙarewa. Ba zan jingina ran Abraham a kan cikin Zulai ba.

Saboda haka wa'adinka ranar kasuwar Kuje ta ƙarshe a watan Yuli ce. Na bincika, jirgin sama yana sauka Kano, daga Kano akwai jirgin ƙasa zuwa Minna, daga Minna akwai mota. Direban ba zai ƙi ɗaukarka ba, kai ba a kwalba kake ba. Kada ka aiko wasiƙa, ba zan buɗe ba. Kada ka aiko waya. Kada ka aiko aboki.

Ranar, da kasuwa ta cika, zan shimfiɗa tabarma a gaban rumfar mahauta in jera su. Zan jira ka har rana ta take tsaka. In ba ka zo ba, zan buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In yanke zaren, in jefa takardar a wutar mai tsire. In ari wuƙar mahauci in tsaga kowanne daga baki har wutsiya, in buɗe cikin in zagaya da shi, kowace uwa ta leƙa ta ga ba ɗanta a ciki. Sannan in tara su a turmi, manya da ƙanana, mai rami a ƙeya da marar rami, in daka har su zama abu ɗaya, in ba Mato ya zuba inda ya ga dama. Kwalaben kuma in fasa su a kan dutse da hannuna. Ba zan yi kuka ba, kuma ba zan tsallake ko ɗaya ba.

In ka iso da safe, ka zo da bakinka. In ka iso da yamma, ka zo da tsintsiya.

Hansatu.